Kayan da Ulamila Ta Kwaso daga Nabuavesi

Duk wanda ya yi karatu a makarantar kan tudu, ko da zango ɗaya ne, ya ci rogon Ulamila. Ita ce mai girkin makarantar tun kafin a jawo wuta zuwa wannan yanki na Ra. A tsibirin Kadavu aka haife ta, ta taso tana bin mahaifiyarta kamun kifi a bakin teku, har aure ya kawo ta nan, lokacin da mijinta Kitione ya samu aikin gadi da gyare-gyaren makarantar. Da ya rasu ba ta koma gida ba. Ta ci gaba da zama a ɗan gidan da ke bayan ɗakin girki, ita da 'yarta Akanisi, da kaji, da wata babbar tukunya wadda sai mutum biyu ke iya sauke ta daga murhu.

An san mutanen Kadavu da baki, amma ita Ulamila ta naɗe nata ta ajiye. Abin ma da ban mamaki, domin mutanen ƙauyensu da mutanen Nabuavesi, ƙauyen da ke gindin tudun, tau ne, wato abokan wasa tun kaka da kakanni. Tau zai zage ka a gaban surukinka, ya shiga gonarka ya sare ayaba, ya kama kazarka ya wuce yana fito. In ka yi fushi kai ne abin kunya. Iyakarka ka jira ranar ramuwa. Ulamila tana da wannan dama a kan kowane gida na Nabuavesi, amma ba ta taɓa ɗaukar ko allura ba. Takan ce ita baƙuwa ce mai cin albashin makaranta, gara ta zauna lafiya da kowa.

Makarantar ta fara ramewa ne daga shekarar da aka zuba kwalta. Bas ta riƙa zuwa kowace safiya tana kwashe yara zuwa manyan makarantun garin Rakiraki, ajujuwan kan tudu suka yi ta zama wurin kwanan jemagu. Shugaban makarantar, Masta Dhirendra, ɗan manoman rake ne na nan yankin, mutum mai haƙuri da ciwon ƙafa. Shi ne ya shawo kan kwamitin iyaye cewa a buɗe ƙofa ga duk wanda ya taɓa barin karatu, komai shekarunsa, komai dalilinsa, ba tambaya ba gori. Wadda ta fara shiga ta wannan ƙofa ita ce Akanisi. Ta bar karatu tana aji huɗu saboda ciki, ta haihu, ta yaye, ta je makarantun gari suka dubi shekarunta suka dubi yaron suka ba ta haƙuri. A kan tudu kuwa aka ba ta kujera kusa da taga, inda take jin kukan ɗanta daga ɗakin girki. Shekara ɗaya ta rage mata ta zauna jarrabawar ƙarshe.

A ƙarshen wannan shekara wani jami'in ilimi ya zo, ya zaga ajujuwa, ya sha shayin Ulamila, ya faɗi abin da ya kawo shi cikin ladabi. Zai dawo ranar buɗe makaranta a ƙarshen Janairu. In ya tarar da kujerun nan yadda ya bar su, za a janye malamai, a raba ɗaliban da suka rage zuwa wasu makarantu. Ulamila tana tsaye da buta a hannu ta ji wannan magana. Ba ta tambayi inda za a kai mace mai goyo ba, don ta riga ta san amsar.

Masta bai zauna ba. Ya sa aka rubuta ƙyalle mai faɗi aka ɗaura a mahaɗar hanya, yana kiran duk wanda ya bar karatu ya dawo. Ya kai sanarwa gidan rediyo. Ranar Asabar yakan tsaya a kasuwa tsakanin masu kifi da masu abarba yana yi wa mutane bayani har muryarsa ta dushe. Abin da ya biyo baya shi ne sabon suna: aka fara kiran makarantar da makarantar ragowa. Uwa takan tsorata ɗanta da cewa in bai yi karatu ba za a kai shi kan tudu.

Sai suka koma bin ƙauyuka. Ranar da suka je Nabuavesi, Ulamila ta bi su da kwandon burodi. Masta ya yi komai yadda ya kamata. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa duk da ƙafar, ya miƙa damin saiwar yangona, wadda ake gaida manya da ita, ga dagaci, aka karɓa da tafi, aka dama aka sha. Ya yi magana mai kyau a kan karatu. Daga ƙarshe ya roƙi duk mai yaron da ya bar makaranta ya ɗaga hannu, don a san gidajen da za a bi. Ta taga ana hango samari majiya ƙarfi suna buga ƙwallo da hantsin ranar aiki, kowa ya san ɗan wane ne da ɗan wane, amma ba hannun da ya motsa. Wa zai tashi a gaban dagaci da surukai ya ce ɗansa ya gaza? Can wani dattijo ya gode wa Masta, ya ce magana ta shiga kunne, za a duba. Aka sake tafi. A hanyar komawa Masta yana cewa yana ganin an dace. Ulamila ta gyara riƙon kwandonta. Ta san irin wannan godiya, da ita ake sallamar baƙo.

Kirsimeti ya wuce, ba wanda ya hau tudu neman gurbi. Ulamila ta daina jin daɗin abinci. Takan wanke babbar tukunyar da toka da ɓawon kwakwa alhali ba a dafa komai a cikinta ba. Takan tsaya a tsakar ɗaki tana duban kayanta, tana tunanin wanne zai shiga jirgin ruwa in ta kama su koma Kadavu, gidan ƙanenta, inda matarsa za ta riƙa auna musu shinkafa da ido. Abin da ya fi tsaya mata a wuya shi ne Akanisi, wadda take ta bitar littattafanta a inuwar mangwaro kamar ba ta ji komai ba.

Sabuwar shekara ta shigo da hayaniyarta. Makonni ake yi ana buga gwangwanaye, ana watsa wa juna ruwa, ana shafa wa mutane hoda a fuska, wanda aka kama a jefa shi rafi da kayansa. A irin wannan lokaci ne tsoho Ilaitia na Nabuavesi yake hawa tudu kowace shekara ya sare mata nonon ayaba mafi girma. Bana ma ya zo, yana haki, ya sare, sannan ya zauna a kan turmi ya ce a ba shi shayi, kuma kada a yi masa rowar sukari irin ta mutanen Kadavu. Yana sha yana ƙorafi a kan jikansa Penioni, wanda tun da ya faɗi jarrabawa ya kwanta a tabarma, sai rana ta take yake tashi, ya cinye abin da ke tukunya ya fita ƙwallo. Da ya miƙe zai tafi, ya saɓa ayabar, ya ce ba tare da ya dube ta ba:

"Tau, shekara da shekaru ina kwasar kayanki, ke ko tsinke ba ki taɓa ɗauka a gidana ba. Da ma ɓarayin Kadavu suna satar ragwaye, da na huta."

Ya gangara abinsa. Ulamila ta bi shi da kallo har ciyawa ta rufe shi.

Kwanaki ta yi tana juya maganar. Wasa ne irin na tsofaffi, ko roƙo ne da ba zai iya yi a zaure ba? In roƙo ne, to hanya ta samu: ba wanda zai ce wane ya kai ɗansa makarantar ragowa, sai dai a ce tau ce ta zo ta ɗauke shi, kuma ba a hana tau. In kuwa wasa ne kawai, za ta shiga gidajen mutane ta tona abin da suka rufe, a gaban kowa. Da ta gaya wa Masta, ya daɗe yana murza gwiwarsa. Ya ce a nan aka haife shi, ya ga tau ya ɗauke injin kwalekwale sukutum, amma bai taɓa ganin an ɗauki mutum ba. In abin ya ɓaci, Nabuavesi za su juya wa makarantar baya gaba ɗaya, kuma hanyar tudun ta cikin ƙasarsu ta bi. Sai kuma ya ce motar raken wansa tana zaune, tun da an gama kakar yanka.

Akwai wani tsoron da ba ta gaya masa ba. Wasan tau ba na mutum ɗaya ba ne. In ka jefa, za a jefo maka, kuma inda ya fi ciwo ake nema. Shirun da ta yi duk shekarun nan shi ya sa ba wanda ya taɓa yi mata maganar Akanisi a fuska. Ranar da ta buɗe baki, ta buɗe wa kowa nasa. Kuma akwai Vasemaca, matar mai magana da yawun dagaci, wadda harshenta ya taɓa sa wani ɗan sanda ya bar bikin aure bai ci abinci ba. Ulamila ta samu Akanisi a gindin mangwaro ta faɗa mata komai, ta ce in ba ta so, an fasa. Akanisi ta rufe littafi ta ce ai suna faɗa tun tuni, a bayan ido ne kawai. Ta ce za ta bi motar, da yaron.

Asabar ta ƙarshe kafin buɗe makaranta, da hantsi, motar rake ta tsaya a bakin filin Nabuavesi. Masta ya zauna a gaban sitiyari, hannunsa bai bar makulli ba. Ulamila ta sauko sanye da tsohuwar rigar ruwan Kitione, bokitin ruwa a hannu ɗaya, gwangwanin hoda da ludayin babbar tukunya a ɗayan. Ta fara zuwa gidan dagaci ta ajiye ɗan damin yangona, don ko tau ba ya raina wannan ƙofa. Sannan ta tsaya a tsakiyar fili, ta ɗaga muryar da ba wanda ya san tana da ita. Ta ce mutanen Nabuavesi sun cinye mata ayaba har sun yi tumbi, yau ranar ramuwa ce. Mata suka fito suna dariya, aka ce ta kama kaji. Ta ce kajinsu duk ƙashi ne, ko karen Kadavu ba zai kalle su ba. Ta ce ita kaya masu nauyi ta zo ɗauka, irin waɗanda suke ci ba sa aiki.

Ta nufi gidan Ilaitia kai tsaye. Penioni yana kwance a tabarma. Ta juye masa bokitin, ta zazzage masa hoda a ka, ta kama kunnensa ta fito da shi fili, ƙato guda yana tafe a sunkuye. Ta ce wannan nata ne yanzu, za ta kai shi kan tudu ya zauna a aji.

Dariyar ta ɗauke. Kowa ya gane abin da ta zo yi. Ulamila ta nemi Ilaitia da ido, ta gan shi zaune a gindin bishiya yana duban ƙasa. Sai ga Vasemaca ta fito daga cikin mata, tana goge hannu da zaninta, ta tsaya inda kowa zai ji.

"Tau," in ji ta, "kaza ɗaya tak aka ba ki tsaro a gidanki, kika bari ta fita ta dawo da ɗan tsako. Ke ce za ki tsare mana garke?"

Ulamila ta ji maganar har tafin ƙafarta. Ta waiga wajen motar. Akanisi ta miƙe tsaye a baya, cikin kayan makaranta, yaron a kafaɗarta, ba ta sunkuyar da kai ba. Ulamila ta juyo, ta nuna Vasemaca da ludayi.

"Tawa ta fita ta dawo da riba, tau, kuma bana za ta zauna jarrabawa. Naki zakaran fa? Shekara biyu yana cin dawa a gida, ko cara bai taɓa yi ba."

Wata tsohuwa ce ta fara fashewa da dariya, har ta riƙe ciki. Sai Ilaitia ya ɗora hannu a ka ya fara kukan ƙarya, yana cewa an yi masa sata da rana tsaka, ɓarayin Kadavu sun raba shi da jikansa, wa zai cinye masa abinci yanzu. Filin ya ɓarke. Vasemaca ma ta yi dariya, ko da yake dariyar ba ta kai ciki ba. Ta koma ƙofar gidanta ta tsaya ta ware hannu kamar mai tsaro, ta ce duk abin da Ulamila za ta yi, kada ta kuskura ta leƙa bayan tankin ruwa. Ulamila ta leƙa. Ɗan Vasemaca yana tsugune a can.

Daga nan abin ya zama kamar farauta. Kowace uwa tana rantsuwa ba kowa a ɗakinta, tana kuma nuna labulen da ba a so a ɗaga. Wata ta ce 'yarta ta tafi gari tun jiya, tana maganar tana tura yarinyar gaba da gwiwar hannu. Akwai gidajen da aka rufe ƙofa da gaske, Ulamila ta gane bambancin, ta wuce su ba ta ƙwanƙwasa ba. Kafin motar ta tashi da waɗanda aka kwaso, matan ƙauyen suka ɗauke ta cak suka jefa ta rafi da rigar ruwan da komai. Ta fito tana tari, ta hau gaba kusa da Masta tana ɗiga. Shi kuwa sai a lokacin ya saki makullin.

A kan tudu ta dafa musu rogo da kifin gwangwani a babbar tukunya. Masta ya zaga da su ajujuwa, bai tambayi kowa dalilin barinsa karatu ba. Da la'asar suka gangara gida da ƙafa, hoda tana nan a gashinsu.

A nan ne damuwar ta dawo mata sabuwa. Tau yana iya ɗauka, amma ba ya iya ɗaurewa. Abin da aka yi ranar Asabar wasa ne, kuma an gama shi. Ranar Litinin kowa da ƙafarsa zai zo, ko ya ƙi. A coci ranar Lahadi ba ta ji ko kalma ɗaya daga huɗubar ba. Maganar Vasemaca take ta ji, tana tambayar kanta ko ta sayar da mutuncin 'yarta a banza.

Litinin ta waye da yayyafi. Jami'in ya iso da wuri, yana zaune a ofishin Masta. A farfajiya ba kowa sai ɗaliban da aka saba gani, 'yan kaɗan, sun fake a baranda. Ulamila ta shiga ɗakin girki don ta ɗora ruwa, ta tarar da murhu wayam. Babbar tukunyar ba ta nan. Ashe an ɗauke ta ne jiya Ulamila tana coci, har da murfi. Ta zauna a kan turmi, hannuwanta a cinya. Ramuwa ce, ta sani, amma ba ta san ko ramuwar wasa ce ko ta fushi ba.

Tana nan zaune ta ji wani ƙara daga gangare, kamar ƙarfe yana bugun itace. Ta fita bakin hanya. Penioni da ɗan Vasemaca ne a gaba, sun rataye tukunyar a sandar gora sun saɓa, cike da rogo da gwaza. A bayansu wasu suna tafe cikin ruwan, wani da tsohuwar rigar makarantar da ta yi masa kaɗan, wata da ganyen ayaba a ka. Ba duka suka zo ba. Amma layin yana da tsawo.

Da suka sauke, ɗan Vasemaca ya isar da saƙon uwarsa yana kallon ƙasa. Tukunya ta zama ta Nabuavesi. Aro ake ba makaranta, kullum da safe, kuma dole a mayar da ita kafin faɗuwar rana, don ba a yarda da mutanen Kadavu su kwana da kayan mutane ba.

Jami'in ya zaga ajujuwa, ya sha shayi, ya ce za a bar malaman shekara guda a gani. Bai yi alkawarin abin da ya wuce haka ba.

Penioni bai kai ƙarshen zango ba. Ya samu aiki a wani otal na bakin teku ya tafi, Ilaitia kuma ya ci gaba da sare ayaba. Ɗan Vasemaca ya zauna, shi da yawancin sauran. A kasuwa har yanzu wasu suna cewa makarantar ragowa, sai dai iyayen Nabuavesi suna da amsa: su ba su kai kowa ba, tau ce ta kwashe. Akanisi ta zauna jarrabawarta a watan Nuwamba, a kujerar kusa da taga.

Ulamila ba ta koma shirunta na da ba, ba ta kuma daina damuwa ba. Kowace safiya takan hura wuta a murhun da ba komai a kansa, ta tsaya a ƙofar ɗakin girki tana kasa kunne wajen gangare. Sai ta ji tukunyar tana bugun gora sannan take zuba ganyen shayi.